Rumbu da Allo: Tarihin Abincin Ɗalibi a Ƙasar Boɗinga da Shagari

Wanda ya bar birnin Sakkwato ya kama hanyar Jega, kafin ya yi nisa zai shiga ƙasar Boɗinga, daga nan ya faɗa ƙasar Shagari, sannan Tambuwal. Dama da hagu gonakin gero ne da dawa da wake, ga fadamun da ake dasa albasa da tumatir da tattasai idan damina ta ɗauke. A ƙidayar 2006 an sami mutum wajen dubu 175 a ƙaramar hukumar Boɗinga, wajen dubu 156 a ta Shagari, kuma mafi yawansu da fartanya suke ci. A bakin hanyar nan da cikin ƙauyukan da ke bayanta akwai makarantun allo, da firamare, da sakandaren jeka-ka-dawo, da na kwana. Duk wanda ke cikinsu sai ya ci kafin ya yi karatu. Daga rumbun wa abincin nan ke fitowa, kuma aljihun wa kuɗinsa ke shiga? Amsar ta sauya sau da yawa cikin shekara ɗari biyu, kuma ba kullum ta sauya zuwa alheri ba.

Ƙasar nan ta san ciyar da ɗalibai tun kafin a ji sunan boko. Bayan yaƙe-yaƙen farko na jihadi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa, wadda yau take cikin ƙaramar hukumar Boɗinga, har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga, shi ya sa har gobe ake ce masa Mai Boɗinga. A shekarun Sifawa Shehu ya bar wa ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello harkar mulki, ya duƙufa ga karantarwa da rubutu, masu neman ilimi suka yi ta kwararowa daga nesa. Taro irin wannan ba ya zama sai da hatsi, hatsin kuwa na ƙasar da ke kewaye ne: zakka, da sadaka, da gonakin malamai da na manyan gari. Gaskiya ta sa a faɗa cewa wani ɓangare na noman manyan gidajen wancan zamani gumin bayi ne. Amma tsarin da ya ɗore a ƙauyuka bayan wucewar manyan, na talakawa ne, kuma su suka riƙe shi.

Ga yadda yake tafiya. Idan an yanke gero an ɗaure, manomin da amfaninsa ya kai nisabi zai ware dami ɗaya cikin goma, kuma malamin gari da almajiransa suna cikin waɗanda ake fara tunawa da su. Uban da ya kai ɗansa karatu wani gari ba ya zuwa hannu rabbana, yakan haɗa da abin da ya sawwaƙa daga rumbunsa. Da damina almajirai su yi sammako gonar malam, su yi noman fari da maimai, su dawo su ɗauki allo. Ranar Laraba a kai wa malam ɗan abin da aka samu. Yaro ƙarami kuma yana da uwar ɗaki a cikin gari, wadda ta san ƙoƙonsa: ya ɗebo mata ruwa, ya share mata tsakar gida, ita kuma ta ajiye masa tuwon dare da ɗumamen safe, in ya kwana biyu bai leƙo ba ta aika a dubo lafiyarsa. Hatta tafiyar cin rani kalandar gona take bi, sai an kai amfani gida malam ke tashi da yaransa, kuma kafin ruwan shuka sun dawo. A ɓangaren mata, matan da ake kira jaji, wakilan Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, sukan jagoranci ɗalibanta 'yan taru daga ƙauyuka su zo ɗaukar karatu ɗauke da hatsi da zuma da sauran abin da ƙauye ke da shi, ita kuma ta rarraba wa mabuƙata.

Ba wanda ya kira wannan shiri ko manufa. Yana da aibinsa, don shekarar da ruwa ya yi gardama almajiri ne farkon wanda ke kwana da yunwa. Sai dai abu ɗaya ba ya ɓuya: mai ciyarwa da mai ci sun san juna, kuma abincin bai taɓa yin tafiyar da ta wuce ta jaki ba.

A watan Maris na 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Abubuwa biyu da suka biyo baya su suka raba makaranta da rumbun da ke kusa da ita. Na farko haraji da tsabar kuɗi, wanda ake karɓa bayan kaka, lokacin da kowa ke da hatsi kuma hatsin ba shi da daraja. Manomi ya koyi sayarwa a dole, a daidai watan da bai kamata ya sayar ba. Na biyu makarantar boko, wadda ba a kowane gari take ba, sai yaro ya bar gida ya bi ta.

Rayuwar Alhaji Shehu Shagari ta isa misali. An haife shi a garin Shagari ranar 25 ga Fabrairu 1925, mahaifinsa Aliyu shi ne Magajin Shagari. Ya fara da allo a gida. A 1931 aka kai shi elementare a Yabo, a 1936 ya wuce Midil ta Sakkwato, a 1941 ya tafi Kwalejin Kaduna, ya gama a 1944 ya dawo yana koyar da kimiyya. Kowane mataki ya ƙara nisanta shi da geron gidansu. A makarantar kwana ba uwar ɗaki ke ciyarwa ba, hukuma ce, daga baitulmali. Hukuma kuwa ba ta iya bin gida-gida tana auna mudu, tana son mutum ɗaya da zai sa hannu a takarda ya kawo buhu ɗari. Nan ɗan kwangila ya samu shiga. Shi ke saye da kaka daga hannun mai neman kuɗin haraji, ya ajiye, ya kai wa makaranta a farashin bazara. Kuɗin da aka tatsa daga manomi ya ciyar da ɗansa a makaranta, amma ribar da ke tsakanin kaka da bazara ta tsaya a hannun na uku. Wannan zubi ya fi mulkin Turawa tsawon rai.

Makarantun wancan lokaci suna da gonaki da lambuna, kuma waɗanda suka yi su sun san daɗin gyaɗar da suka shuka da hannunsu. Amma a wurare da yawa gonar makaranta ta koma wurin horo, wanda ya makara ko ya yi surutu shi ake miƙa wa fartanya. Yaron da ya taso a haka, me zai ɗauki sana'ar ubansa?

Bayan juyin mulkin Janairu 1966, Shagari, wanda a lokacin ya riga ya yi minista, ya koma gida ya kama noma. Ba a daɗe ba aka ba shi sakataren asusun raya ilimi na Lardin Sakkwato, asusun da jama'a suka tara wa kuɗi aka gina makarantu da shi a faɗin lardin. Wannan ya cancanci a tsaya a kansa, don ya nuna mutanen ƙasar nan, masu gero da masu awaki, sun taɓa zuba dukiyarsu suka gina wa 'ya'yansu ajujuwa. Sun saya wa makaranta bulo da kwano. Abin da ba a tsara ba shi ne makarantar ta juyo ta sayi nasu.

Daga nan abubuwa suka zo da sauri. Farin farkon shekarun 1970, wanda ya fi tsanani a 1973, ya kwashe rumbuna da garkuna. Kuɗin man fetur suka shigo, abincin waje ya cika kasuwa. A 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, aka umarci makarantu su yi gonaki, aka ɗauki ɗaliban manyan makarantu aikin gona a dogon hutu, aka tura 'yan birni su koya wa manoma noma. A shekarar dai aka buɗe firamare kyauta ga kowa, ajujuwa suka cika maƙil. A Afrilun 1978, da aka ƙara kwabo hamsin a kuɗin abincin ɗaliban jami'a na yini, daga naira ɗaya da rabi zuwa naira biyu, ɗalibai suka yi bore a faɗin ƙasa suna neman a sauke kwamishinan ilimi Kanal Ahmadu Ali, har aka rasa rayuka a Legas da Zariya. Abincin makaranta ya kai ga zubar da jini, amma duk cikin muhawarar ba a ji ana tambayar wa ke noma shi ba.

Ranar 1 ga Oktoba 1979 ɗan garin Shagari, tsohon malamin makaranta kuma manomi, ya zama shugaban ƙasa. In akwai wanda ya san gona ya san aji, to shi ne. A Afrilun 1980 ya ƙaddamar da shirinsa na bunƙasa noma, aka ba da ƙarfi ga taki da taraktoci da madatsun ruwa. A watan nan ne kuma 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman Bakolori, a tsohuwar jihar Sakkwato, waɗanda ke neman diyyar gonakin da aikin madatsar ya ci. Gwamnatin ta kuma kafa kwamitin shigo da shinkafa ƙarƙashin Alhaji Umaru Dikko, shinkafar waje ta yi ta sauka a tashar jiragen ruwa. Ba na shakkar niyyar Shagari, Turakin Sakkwato, kuma mutanen garinsu sun shaida sauƙin kansa har ya koma ga Allah a Disambar 2018 aka binne shi a cikinsu. Amma shirin nasa, kamar na gabaninsa, ya kalli yadda za a ƙara noma, bai kalli wanda zai saya ba. Ga kuwa mai saye a tsaye, wanda ba ya fashi: tukunyar makarantun kwana da ta kwalejoji, wadda gwamnati da kanta ke biyan kuɗinta.

Sojojin da suka kifar da shi a ƙarshen 1983 sun janye tallafin abinci a jami'o'i. Ɗalibai sun sha wuya. Sai dai wani abu ya faru da ba a shirya ba: mata masu tuwo da masu shinkafa da wake suka kafa rumfuna a bakin manyan makarantu, su kuwa cefanensu a kasuwar gari suke yi kullum. Kuɗin ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, da na kwalejin horar da malamai ta Sakkwato da aka sa wa sunan Shagari, sun fi saurin isa hannun mai albasa da mai barkono ta wannan hanya. A makarantun kwana na sakandare kuwa ɗan kwangila ya ci gaba da mulkinsa, kuma duk wanda ya ci gabza da miyar da ake hango ƙasan kwano ta cikinta ya san inda kuɗin ba su je ba.

A Sakkwato ne Obasanjo, bayan ya dawo a farar hula, ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya ranar 30 ga Satumba 1999. Cikin shekarun da suka biyo baya shugabannin Afirka suka rungumi wata shawara mai sauƙin fahimta: a ciyar da 'yan firamare, kuma da abin da aka noma a gida. Ghana ta fara nata a 2005. Nijeriya ma a shekarar ta gwada a jihohi 12 da Abuja, amma kafin a je ko'ina ya mutu a kusan duka, sai Osun da ta riƙe, ta kuma sabunta shi a 2012.

Wadda ta nuna yadda ake ɗaure zancen ita ce Brazil. A 2009 ta yi doka cewa aƙalla kashi 30 cikin ɗari na kuɗin da gwamnatin tarayya ke bayarwa don abincin makaranta, dole a sayi kayan ƙananan manoma da su, kuma ta sassauta musu ƙa'idojin neman kwangila. Ba roƙo ba ne, doka ce mai adadi, ana iya bin diddiginta. Daga 2012 aka gwada irin wannan a ƙasashen Afirka biyar tare da hukumomin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma a Nijar jihar Maraɗi aka zaɓa. Ƙungiyoyin manoma Hausawa, masu gero da wake irin na Kajiji da Ɗancadi, a ƙasa mai ƙarancin ruwa kamar tamu, suka sami iri da horo, aka sayi amfaninsu aka kai kantin makarantu. Da Tarayyar Afirka ta ware 1 ga Maris a matsayin ranar ciyar da 'yan makaranta, a Yamai aka yi bikin farko a 2016. Darasin bai yi mana nisa ba, tsallaken iyaka ne kawai.

A gida kuma an taɓa matsalar ta gefe-gefe. A Afrilun 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, cikin Sakkwato, ta farko a jerin waɗanda aka gina. An yi gini mai kyau, amma tambayar da uwar ɗaki ta amsa shekara da shekaru, wato wa zai ba yaron nan tuwon dare, ita ce ta durƙusar da da yawa daga cikin irin waɗannan makarantu. A 2014 kuma Boɗinga tana cikin ƙananan hukumomi shida na jihar da asusun UNICEF ya gwada ba iyaye mata naira dubu 5 a kai a kai kan kowace yarinya, don a bar ta ta je aji. Masu shirin sun gane cewa tallan fura da ƙuli-ƙuli da gyaɗa ne ke riƙe yarinya a titi, don da shi uwa ke juya ɗan jarinta daga cikin kulle. Da makarantar ce ke sayen ƙulin nan da ƙosan nan daga hannun uwar, da farantin tallan bai fita ba tun farko.

Babban yunƙuri ya zo a 2016, lokacin Shugaba Muhammadu Buhari. Mataimakinsa Farfesa Yemi Osinbajo ya gabatar da tsarin a watan Yuni, aka fara dafawa a Anambra a Disamba, sauran jihohi suka bi, har da Sakkwato. Tarayya ta ɗauki 'yan aji ɗaya zuwa uku, naira 70 kan kowane yaro a yini, ana tura kuɗin kai tsaye asusun bankin matan da aka ɗauka girki. Gwamnati ta ce a ganiyarsa shirin ya ciyar da yara sama da miliyan 9, da masu dafawa sama da dubu ɗari. Duk malamin firamaren ƙauye zai gaya maka cewa ranar da kula ta iso, aji cika yake yi, har da ƙannen da ba su isa shiga ba. Wannan alheri ne, ba a raina shi.

Amma a dubi mai dafawar da kyau. A ce an ba ta yara 100, kuɗinta na yini naira dubu 7 ke nan, a ciki za ta sayi shinkafa da wake da manja da itace, ta biya mai babur, ta fitar da ladan wahalarta. Ba ta da sito, ba ta da jarin sayen buhu goma da kaka. Ranar kasuwa za ta je ta auni mudu-mudu a wurin mai awo, a farashin ranar. In kuɗin Abuja suka makara, kuma sukan makara, ko dai ta sauke tukunya, ko ta je wurin wanda zai iya ba ta bashi. Ƙaramin manomi ba ya iya ba da bashi, shi ma bashin da zai biya da kaka ke wuyansa. Mai shago ne ke iyawa. Ƙwai da nama kuwa manyan dillalai aka ba su tattaro a matakin jiha. Sunan shirin ya ce abincin gida, amma babu wani kaso da aka ɗaure cewa na manomin gunduma ne, babu kuma yarjejeniya tsakanin makaranta da ƙungiyar manoma kafin shuka. An ƙara kuɗin zuwa naira 100 a 2022, lokacin da tsada ta riga ta cinye ƙarin.

Sauran labarin kowa ya gan shi. Annobar korona ta rufe makarantu a 2020. A Disambar shekarar aka sace ɗaliban Ƙanƙara a jihar Katsina, gwamnatin Sakkwato ta rufe wasu makarantun kwana da ke bakin iyaka, kuma 'yan bindigar da suka tsorata ɗalibai su ne suka hana manoma da yawa zuwa gonakinsu na nesa. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin fetur, mai injin ban-ruwa a fadama da a bakin madatsar Shagari ya ji a jikinsa nan take. A Janairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya dakatar da shirye-shiryen tallafin jama'a saboda binciken kuɗi, ciyarwar firamare na ciki, a shekarar da hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari.

Abin da ya rage a hannun jiha ba kaɗan ba ne. Makarantun kwana, irin ta 'yan mata da ke Boɗinga, suna ɗora tukunya sau uku a yini duk zangon karatu. Akwai tsangayar aikin gona a jami'a, akwai kwalejin noma a Wurno, waɗanda za su iya koya wa ƙungiyoyin manoma yadda ake adana wake ba tare da zuba masa guba ba, da yadda za a rage asarar albasar da ke ruɓewa a rudu tsakanin Maris da damina. Akwai hukumar zakka da waƙafi, wadda ta riga ta san hanyar tara hatsi gunduma-gunduma ta hannun uwayen ƙasa. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, firamare kuwa a ƙofarsu take. A ganina majalisar jiha na iya yin abin da Brazil ta yi da layi biyu na doka, ta yanka kaso ta ce wannan na manoman ƙaramar hukumar da makarantar take ne, kuma a biya su a hannu ranar awo.

Sai dai dokar ba za ta yi aiki ba in ba a gyara lokaci ba. Shekarar karatu tana farawa a Satumba, daidai lokacin da ake yankan gero a Sifawa da Dandin Mahe, dawa da wake su biyo baya kafin sanyi. Shekarar kasafin gwamnati kuwa sai Janairu take kamawa, kuɗin ma ba su cika sauka ba sai an doshi bazara, lokacin da hatsin ya daɗe da barin hannun wanda ya noma shi.